Finafinai uku na kalla a hutun sallah, ɗaya ne kawai ya hana ni barci. Ku yaya kuka gan su?

Mai Gyaran Waya:

Assalamu alaikum jama'a. Da fatan an yi sallah lafiya, Allah Ya maimaita mana.

Ni sana'ata gyaran waya ce a Kano, kuma duk wanda ya san harkarmu ya san mako guda kafin sallah ko ruwa mutum ba ya samun sukunin sha. Don haka da aka sauko daga idi sai na garƙame shago kwana huɗu cur. Ranar farko da ta biyu na yi zumunci, sauran kuma na ce bari in biya bashin kallo, domin akwai finafinan da suka kwana biyu a laftof ɗina ina ta ɗaga musu ƙafa. Uku na samu na kalla daga farko har ƙarshe: Oppenheimer, da Dune kashi na biyu, da wani fim na wani darakta ɗan Italiya mai suna Io Capitano. Wanda bai kalla ba kuma ba ya son a ɓata masa labari, ya tsallake wannan rubutu, don zan taɓo ƙarshen wasu.

Da Oppenheimer na fara, tunda shi aka fi zuzutawa. Awa uku ne cif. Christopher Nolan ya shirya shi a kan masanin da ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya na farko a Amurka, ya fito a Yulin 2023, kuma a bikin Oscar na Maris 2024 ya kwashe kyaututtuka 7, har da ta gwarzon fim da ta gwarzon jarumi wadda Cillian Murphy ya ɗauka. Ba zan ci haƙƙinsu ba, an yi aiki. Wurin gwajin bam ɗin nan a hamadar New Mexico, ranar 16 ga Yulin 1945, sai da na ajiye kofin shayin da ke hannuna. Wuta ta turnuƙe sama amma tsit kake ji, babu komai sai numfashin mutane, har na fara zargin sifikar laftof ce ta mutu. Can sai ƙarar ta iso ta doke ni. Haka abin yake a zahiri, kamar yadda ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa. Wannan wuri kaɗai ya isa a sara wa mutumin.

Amma da fim ɗin ya ƙare sai na ji wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro. An jefa bam a Hiroshima ranar 6 ga Agusta, na Nagasaki ranar 9. A Hiroshima kaɗai, kafin shekarar ta fita mutum kimanin 140,000 sun rasu. A awa ukun nan ba a kai ni garuruwan nan ko na daƙiƙa ɗaya ba. Akwai ma inda ake haska wa masanan hotunan waɗanda bam ya ƙona, sai kyamara ta ƙi juyawa wajen allon, ta kafe a kan fuskar Oppenheimer yana kawar da kai. Daga nan kusan awa guda aka kwashe ana shari'ar ko za a bar masa izinin ganin sirrin gwamnati ko za a ƙwace, da gabar da ke tsakaninsa da Lewis Strauss, wani babban jami'in gwamnati. An ƙona gari biyu da mutanensu, ni kuma ana so in tausaya wa wanda aka ƙwace wa takarda. Wallahi na yi ƙoƙari, zuciyata ta ƙi.

Washegari na saka Dune. Nan kam ido ya sha kallo. A Jodan da Abu Dhabi aka ɗauki hamadar, kuma wurin da yaron da ke jan fim ɗin ya hau ƙatuwar tsutsar rairayin nan karon farko, ga kiɗan Hans Zimmer yana dukan ƙirji, sau uku na maimaita shi. Abin da ya dame ni daban ne. Ga mutanen hamada da rawani, suna sahu suna sujada, suna tattalin ruwa har na jikin gawa ba sa bari ya salwanta, suna jiran Mahdi, suna kiransa Lisan al-Gaib. Sai wanda suke jiran ya zama ɗan sarkin wata duniya, farin yaro baƙo. Shugabansu Stilgar, wanda Javier Bardem ɗan Sifen ya fito a matsayinsa, shi ne mai imanin cikinsu, kuma shi aka mayar abin dariya, duk abin da yaron ya yi sai ya ce ga alama ta bayyana. To mu kalmar Mahdi ba kayan ado ba ce a wurinmu. A kanta Turawa suka shafe garin Satiru na kusa da Sakkwato a 1906. Bayan yaƙin Burmi na 1903 dubban mutanenmu suka yi gabas, har yau ga garin Mai Wurno can a Sudan. Jin kalmar a bakin 'yan wasa, cikin wani yaren da aka ƙirƙira domin fim, ya sa na ji kamar an ari rigar kakana an je wasan tashe da ita.

Na uku shi ne bai kai waɗancan kuɗi ko suna ba. Matteo Garrone ya shirya Io Capitano a 2023, awa biyu ne, yawancinsa da yaren Wolof da Faransanci, sai ka bi rubutun fassara a ƙasa. Labarin yara biyu ne 'yan shekara 16, Seydou da ɗan'uwansa Moussa, suka tara kuɗi a ɓoye daga aikin lebura a Dakar, suka sulale ba da sanin iyaye ba za su Turai su zama mawaƙa. Abin da ya fara kama ni shi ne ba yunwa ce ta kore su ba. Gidan su Seydou talakawa ne amma akwai dariya, akwai kiɗa, ga uwa mai sonsa wadda da ya gwada faɗa mata niyyarsa ta yi masa tatas har ya ce wasa yake. Buri ne irin na yaro, wanda kowannenmu ya taɓa yi.

Suka bi ta Mali, suka sayi fasfo na bogi, suka iso Agadas, aka loda su a bayan motar a-kori-kura kamar buhuna. Mutum ya faɗo daga motar a tsakiyar sahara, ana ta ihu, direba ko waiwaye. Daga baya aka sauke su suka ci gaba da ƙafa. Wata mata ta gaza ta zube, Seydou ya koma ya ba ta ruwa, ta cika a hannunsa, ayari kuma yana ta nisa. A Libiya aka raba shi da Moussa, aka kai shi gidan da ake azabtar da mutane har sai sun ba da lambar wayar gida an turo kuɗi.

A nan na dakatar da fim ɗin na fita tsakar gida. Ɗan yayata ya bi wannan hanya a 2016, yana da shekara 19. Ya sayar da babur ɗinsa ya tafi ba sallama. Wata uku ba labari, sai ranar da waya ta shigo daga garin Sabha na Libiya, ina jin muryarsa ina jin ana dukansa. Keken ɗinkin uwarsa da ɗan filin da aka bar mata gado duk a nan suka tafi. A farkon 2018 ya dawo cikin waɗanda aka kwaso a jirgi, bayan labarin cinikin bayi a Libiya ya fasu a ƙarshen 2017. Har yau bai taɓa zama ya ba mu labarin abin da ya gani ba. Shekara da shekaru ina jin muryar nan ta waya ba ni da hoton da zan ɗora mata, sai fim ɗin nan ya ba ni.

Na dawo na ƙarasa. Wani dattijo magini ya riƙe Seydou kamar ɗansa, aka sayar da su tare suka gina wa wani attajiri katanga da wurin feshin ruwa, ya sallame su. A Turabulus ya gano Moussa da harbi a ƙafa. Kuɗinsu bai kai na mutum biyu ba, sai masu safarar suka ce to shi zai tuƙa jirgin, yaron da ko iyo bai iya ba, ga jirgi maƙil da mutane har da mai tsohon ciki. Ƙarshen fim ɗin fuskarsa ce kawai, an hango gaɓar Sisili, jirgi mai saukar ungulu yana shawagi a kansu, yana ihu shi ne kyaftin, ba wanda ya mutu a hannunsa. Yana kuka yana dariya. Seydou Sarr sunan yaron, bai taɓa fim ba kafin wannan, kuma ya ci kyautar sabon jarumi a bikin Venice.

To ga tambayata. Na zalunci Nolan da mai Dune ne? Ko dai abin da ya faru a gidanmu ne ya rufe mini ido har na kasa ganin kyan sauran? Ni abin da na lura shi ne, duk inda kuɗi suka yi yawa a fim, sai kyamara ta bi mai iko ta bar wanda abin ya faɗa wa. Sannan don Allah wanda ya san wasu finafinan na 'yan shekarun nan masu irin nauyin na ukun, ko daga wace ƙasa, ya faɗa mini.

Ɗan Agadas:

Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya ƙara wa ɗan yayarka lafiya da natsuwa, Ya mayar wa mahaifiyarsa abin da ta rasa.

Ni haifaffen Agadas ne, shagon mahaifina yana kusa da tasha, don haka motocin nan a gabana suka riƙa lodi tun ina yaro. Na kalli fim ɗin a waya, kuma gaskiya ya taɓa ni, amma ina da magana a kansa.

Ta farko, a Maroko aka ɗauki hamadar. Wanda bai san wurin ba ba zai damu ba, amma hamadarmu ta Tenere ba haka take ba. Wuri ne da za ka yi yini kana gudu ƙasa a shimfiɗe kamar faranti, ba tudu ba itace, ba abin da ido zai riƙe. Tudun rairayi masu kyau ɗin nan na fim, da su ne da an gode, don aƙalla akwai inuwa da yamma. Abin da suka yi daidai shi ne lodin. Haka ake jera mutane a bayan Hilux ƙafafu a waje, kowa ya rungumi sanda da aka kafa tsakanin cinyoyinsa, don in ka yi gyangyaɗi ka faɗo shi ke nan. Ran Litinin ayari yake tashi, a bi ta Dirku, a wuce Madama, a shiga Libiya ta Tummo, sai Gatrun, sai Sabha inda aka riƙe yaronku.

Ta biyu ita ta fi ci mini rai. Kusan duk wanda yaran suka haɗu da shi a hanya macuci ne. Akwai macuta, ba na musu. Amma garinmu tun zamanin ayarin gishirin Bilma da baƙo yake ci. Mata masu tuwo, yara masu ɗinke jarka da buhu don ruwa ya yi sanyi, masu sayar da rawani da tabarau da safar hannu, makanikai, masu canjin kuɗi, duk da matafiyan nan suke rufa wa kansu asiri, kuma a fili ake yi, har sojoji ke raka ayari. Sai a 2015 aka yi dokar da ta haramta jigilar, da turin Turawa, aka fara aiki da ita sosai a 2016. Aka kama direbobi, aka tsare motoci. Tafiya ba ta tsaya ba, sai dai direbobi suka bar hanyar da ke da rijiyoyi suka koma ratse don gudun jandarma, kuma in sun hango sintiri sai su zubar da mutane su tsere. A Nuwamban 2023 gwamnatin soja ta soke dokar. Fim ɗin bai taɓo wannan ba ko kaɗan. Ya nuna mugun direba, bai nuna abin da ya sa hanya ta ƙara muni ba, kuma wannan ɓangaren ne ya shafi ƙasar mai fim ɗin.

Sannan a fim kamar yaron ya ci nasara a ƙarshe. Ɗaya daga cikin waɗanda aka gina labarin a kansu wani yaro ne ɗan Gini da ya tuƙa jirgi irin wannan yana ɗan shekara 15, kuma da suka isa Italiya kurkuku aka kai shi a matsayin mai safarar mutane. Jirgin saman da ke kansa a ƙarshe ba maraba ya zo yi masa ba.

Akwai labarin da nake jiran ranar da wani namu zai yi fim a kansa. A Oktoban 2013 aka tsinci gawa 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Yara 52 ne a ciki, mata 33. Yawancinsu mutanen yankin Kance ne a jihar Damagaram, Hausawa, ba Turai za su ba, Tamanrasat za su neman abin kai wa baki. Ba su da waƙa, ba su da burin zama taurari, shi ya sa ba mai zuwa daga Roma ya ɗauki labarinsu.

Game da Oppenheimer kuwa ina bayanka. Ka tuna ƙwallayen gilashin da suke jefawa cikin kwano don auna yawan yuraniyom da aka tace? Mafi yawan yuraniyom ɗin nan daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango aka tono shi, lokacin ƙasar tana hannun Beljiyam. Baƙaƙen fata suka tono shi da hannunsu. A fim ya zama ƙwallo mai sheƙi a kwano. Mu da Arlit ke jiharmu, ana haƙar wannan abu tun farkon shekarun 1970, mun san ba daga sama yake faɗowa ba.

Malamin Fiziks:

Ɗan'uwa Mai Gyaran Waya, na karanta da kyau, kuma zan saɓa maka a wuri biyu, da fatan ba za ka ji haushi ba.

Ina koyar da fiziks a sakandare a Zariya, sau biyu na kalli Oppenheimer. Rashin nuna Hiroshima ba mantuwa ba ce. Nolan ya gina fim ɗin ne daga cikin kan mutumin, shi ya sa wuraren da suke nasa masu launi ne, na Strauss kuma baƙi da fari. Oppenheimer bai ga Hiroshima ba. A rediyo ya ji sanarwar shugaban Amurka Truman kamar kowa, bayan sojoji sun lode bam ɗin a mota sun tafi ba su ƙara neman shawararsa ba. Ka koma wurin da ya shiga zauren nan zai yi jawabin nasara, jama'a suna buga ƙafa a katako suna shewa. Sauti ya ɗauke, haske ya cika ɗakin, ya ga fatar fuskar wata budurwa tana saɓulewa, ya taka wani abu ya duba ƙasa ya ga ƙonanniyar gawa. Wannan ita ce Hiroshimarsa. Kawar da kan da ya ba ka haushi, ni a ganina tuhuma ce fim ɗin yake yi masa: ga mutumin da ya iya lissafin abin amma bai iya kallonsa ba. Ban ce dole ka tausaya masa ba. Matarsa ma a cikin fim ɗin ta faɗa masa cewa barin a wulaƙanta shi ba zai sa duniya ta yafe masa ba.

In kana son ganin iyakar abin da ɓoyewa take iya yi, nemi The Zone of Interest na Jonathan Glazer, wanda ya doke Io Capitano a kyautar fim ɗin ƙasashen waje a wannan bikin na 2024. Labarin Rudolf Höss ne, kwamandan sansanin Auschwitz, inda aka kashe mutum kimanin miliyan 1.1, mafi yawansu Yahudawa. Gidansa katanga ɗaya ce tsakaninsa da sansanin. Kyamara ba ta nuna maka kisa ko sau ɗaya ba. Matar gida tana ban-ruwan furanni, yara suna wanka a lambu, ana shan shayi da baƙi. Amma daga bayan katanga kana jin harbi jefi-jefi, da haushin karnuka, da kururuwa, da wani gurnani na tanderu da ba ya tsayawa dare da rana. Surukarsa ta zo baƙunta tana yaba gidan, da dare ta leƙa taga ta ga jan wuta a sama, kafin gari ya waye ta tattara ta gudu. Na kalle shi da abin ji a kunne, kuma na kwana biyu ina jin gurnanin nan. Ya ci kyautar sauti ma, ya kuma cancanta. A nan ma kyamara mai iko ta bi, amma ba don ta wanke shi ba.

Dune kuwa, na yarda da kai a kan 'yan wasa. Ka ɗebi kalmomin Larabci da suturar mutanen hamada, sannan manyan guraben duk ka ba wasu, wannan abin a yi magana ne. Amma labarin ba yabon yaron yake ba. An faɗa ƙarara cewa wata ƙungiyar mata ce ta shuka wannan annabcin a cikin mutanen tun ƙarnoni, don ranar da za ta buƙaci amfani da su. Uwarsa da gangan ta riƙa hura wutar. Shi kansa ya san in ya karɓi sunan biliyoyi za su mutu, ya kuma karɓa. Chani, 'yar hamadar da ke sonsa, ita kaɗai ta ƙi durƙusawa, kuma da fuskarta aka rufe fim ɗin, ba da tasa ba. Frank Herbert da ya rubuta littafin a 1965 gargaɗi yake a kan bin mai ceto ido rufe. Mu da muka ga yadda ake ɗaukar imanin talaka a kai shi ga halaka a ƙasar nan, bai kamata wannan saƙo ya wuce mu ba.

Maman Yara Uku:

Sallama gare ku. Malam Mai Gyaran Waya, labarin ɗan yayarka ya sa ni hawaye, Allah Ya kiyaye mana zuri'a.

Ku maza kuna kallo ku kaɗai a laftof, ni kuwa talabijin ɗaya ce a falo, ga yara ga surukata. Saboda haka ma'aunina na farko shi ne, zan iya barin ɗakin in je duba tukunya ban ɗauki rimot ba? Oppenheimer ya faɗi wannan jarrabawa, akwai wuraren tsiraici da ba su ƙara wa labarin komai ba, ban kai rabi ba na kashe.

Abin da zan ba ka shawara ka nema na Indiya ne, amma ba irin na duka ɗaya mutum goma su tashi sama ba. Sunansa 12th Fail, ya fito a ƙarshen 2023, kuma labarin gaskiya ne na wani jami'in ɗan sanda, Manoj Kumar Sharma. Yaro ne ɗan ƙauye a yankin Chambal, makarantarsu malamai ne da kansu suke rubuta wa ɗalibai amsa a allo ranar jarrabawa. Shekarar da wani ɗan sanda mai gaskiya ya zo ya hana, duk ajin suka faɗi. Maimakon yaron ya tsane shi sai ya ce shi ma irinsa yake son zama. Ya tafi Delhi ba ko sisi, ya yi sharar ɗakin karatu, ya yi aiki a injin niƙa, a nan yake kwana cikin ƙurar gari yana karatu da ɗan ƙwan fitila. Sau uku yana faɗuwa babbar jarrabawar shiga aikin gwamnati, sai a na huɗu, damarsa ta ƙarshe, ya haye. Babban ɗana yana aji biyar na sakandare, kuma ya riga ya fara kawo mini zancen cibiyoyin da ake biya a "taimaka" wa yara. Tare muka kalla. Ban ce masa komai ba, shi ma bai ce ba, amma zancen bai sake tasowa ba.

Akwai kuma Laapataa Ladies na Kiran Rao, amare biyu da aka yi musayarsu a jirgin ƙasa saboda lulluɓinsu iri ɗaya ne. Surukata ta yi dariya har da riƙe ciki, daga baya kuma ta yi shiru wurin da aka gane amaryar ko sunan ƙauyen mijinta ba ta riƙe ba.

Roƙona ga masu fassara finafinai zuwa Hausa shi ne su waiwayi irin Io Capitano. Na Indiya da na Turkiyya kullum ana fassarawa. Wanda ya fi buƙatar ganin wannan fim shi ne yaron da ba zai iya bin rubutun Turanci a ƙasan allo ba, da uwarsa. A Senegal an zaga da shi garuruwa ana haskawa a fili kamar majigin da.

Bakatsine:

Ni fa jama'a ku yi mini afuwa. Daga shida na safe zuwa magariba ina kan keke-napep cikin rana da hayaƙi, in na dawo ba na neman abin da zai ƙara mini nauyi a zuciya. RRR na Rajamouli na kalla ya fi sau biyar, wurin da ya faso gidan gwamna da mota cike da damisa da namun daji har yanzu sai na miƙe tsaye. Kuma shi ma ai labarin wanda abin ya faɗa wa ne, 'yan mulkin mallaka suka ɗauke yarinya daga ƙauye aka je ƙwato ta. Kuɗi sun yi yawa a fim ɗin, kyamara kuma talaka ta bi. Don haka Yaya, maganarka ba ta zauna a ko'ina ba. Waƙarsa ma ta ci Oscar a 2023.

Mai Gyaran Waya:

Na gode ƙwarai, kowa ya ba ni abin da ban zo da shi ba.

Bakatsine, ka kama ni, RRR ya karya ƙa'idar tawa, na janye "duk inda". Hajiya Maman Yara, na sa a turo mini 12th Fail, da yaran gida za mu kalla ranar Juma'a in Allah Ya kai mu.

Malam na Zariya, jiya da dare na koma wurin zauren nan kamar yadda ka ce, na sake kallo da abin ji a kunne. Na ga abin da kake nufi, kuma na yarda ba wanke shi ake ba. Amma fuskar da fatarta ke saɓulewa ta Ba'amurkiya ce. Ko a cikin mafarkin nasa sai da aka ari fuskar 'yar gida kafin abin ya yi zafi. A nan har yanzu ina inda nake. Game da Chani kuwa ka yi gaskiya, haushin kalmar ya sa ban ba ƙarshen haƙƙinsa ba.

Ɗan'uwa na Agadas, maganar mutanen Kance ban taɓa jin ta da adadi haka ba, yara 52. Tunda Najeriya ta iya tura fim ɗin Hausa gasar Oscar, The Milkmaid a 2020 da Mai Martaba a 2024, ban ga abin da zai hana wani ya ɗauki wannan ba, a kuma ɗauke shi a inda ya faru da bakin mutanen da ya faru a kansu.

Shekaranjiya ɗan yayata ya zo shago karɓar caja. Na daɗe ina juya abin a raina, sannan na ce masa akwai wani fim a kan hanyar Libiya, in yana so mu kalla, in ba ya so shi ke nan. Ya ce in saka. Muka ja ƙofar shago rabi. Wurin lodi a mota ya matso kusa da allo, ya nuna sandar da ɗan yatsa. Da aka zo gidan azabar sai ya tashi ya fita, na kashe na bi shi, na same shi a bakin kwalbati yana kallon titi. Mun fi minti goma ba wanda ya yi magana. Sannan ya ce, "Kawu, sun yi ƙoƙari. Warin ɗakin ne kawai babu." Ya ce mini su saba'in ne a ɗakin da bai fi shagona biyu ba, kuma wani ɗan Gambiya ne yake raba masa burodinsa. Wannan ne karo na farko da ya faɗi wani abu da bakinsa. Ya ce in ajiye masa sauran, zai dawo ya ga ko yaron ya gano ɗan'uwansa.